Ƴan aiken da kayan baƙin allo suke rabawa: me ake zubawa a rumbu ɗaya, kuma don me

A wani ofis da nake kula wa da kwamfutoci a nan Yamai, na taɓa rubuta wata ƴar manhaja da harshen C, aikinta guda ne: kowace yamma ta kwashe bayanan ranar ta zuba a wani faifai na waje. Makonni tana aiki, kullum tana cewa ta gama lafiya. Ranar da aka ɗauke kuran cikin zafin Afrilu, babbar kwamfutar ta ƙi tashi, na jawo faifan nan da ƙarfin gwiwa, sai na tarar fayilolin kwanakin baya duk guntaye ne, wasu ma babu komai a ciki. Ashe faifan ya daɗe da cika. Manhajar tana rubutu, tsarin yana ce mata babu wuri, ita kuma ba ta saurare ba, domin ban koya mata saurare ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da na bi sauran ƙananan kayan da na rubuta a tsawon shekaru, na ga wannan ramin yana cikin yawancinsu. Kowanne na rubuta masa hanyar fitar da bayani daban, kuma kowanne na manta abu iri ɗaya.

Tun daga ranar na daina kallon ƴan aiken haɗin gwiwa, wato guntayen rubutun C da manhajoji da yawa ke kira, a matsayin dabarar rage wa yatsu wahalar bugawa. Rage rubutu yana ciki, amma shi ne mafi ƙanƙantar amfaninsu. Babban aikinsu shi ne su zama wurin da mutum ya zauna sau ɗaya, cikin natsuwa, ya yanke shawarar abin da za a yi idan abu ya ɓaci, sannan duk kayansa su bi wannan shawarar.

Bari in fara daga tushe saboda wanda bai saba ba. Idan ka buɗe baƙin allon nan na Linux ka buga ls ko cp ko mount ko kill, kowace kalma cikinsu ƙaramar manhaja ce mai zaman kanta. Al'adar ta samo asali daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969, kuma a 1973 aka ƙara masa bututun da ke haɗa bakin wata manhaja da kunnen wata, bisa shawarar Doug McIlroy. Kayan ƙanana ne, amma suna da yawa, kuma duk suna da buƙatu iri ɗaya: karanta lambar da mutum ya buga, neman wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, karatu da rubutu, faɗin kuskure, fita. A harshen C, guntun rubutun da aka raɗa wa suna, kake ba shi saƙo ya je ya dawo maka da amsa, shi nake kira ɗan aike. Wurin da ake tara ƴan aiken da kowa ke amfani da su kuma shi nake kira rumbu.

Duk manyan gidajen da ke yin irin waɗannan kaya suna da rumbunsu. Na GNU sunansa gnulib, kuma coreutils, tarin da ls da cp da dd suke ciki, daga nan yake ɗiba. Tarin util-linux, mai mount da fdisk da lsblk, wanda Karel Zak yake jagoranta tun 2006, yana da nasa na cikin gida. BusyBox, da Bruce Perens ya fara a tsakiyar shekarun 1990 don ya shige faifan girka Debian, yana da libbb, kuma shi ne ke cikin akwatunan wifi masu yawa da muke ɗaurawa a ofisoshi. Toybox na Rob Landley ya shiga Android tun daga na 6.0 a 2015, wato wayar da ke aljihun mai kabu-kabu tana ɗauke da irin wannan rumbun. Mutanen nan ba su haɗu sun tsara ba, amma idan ka leƙa rumbunan za ka ga kusan kaya iri ɗaya ne a ciki. Ciwo ɗaya ne ya kai kowa wurin magani ɗaya.

Karanta lamba

Na fi son farawa da wannan domin kowa yana ganin abu ne mai sauƙi. Mutum ya buga 25, kana son ka mai da rubutun ya zama lamba. C yana da ɗan aike mai suna atoi da ke yin haka, kuma shi ne na farko da ake koya wa ɗalibai. Matsalarsa ba ya da bakin cewa ban gane ba. Ka ba shi 12abc, ya dawo maka da 12. Ka ba shi abc, ya dawo maka da 0, daidai da abin da zai dawo da shi da sifili ka ba shi da gaske.

Dubi abin da wannan yake nufi ga kayan tsarin. A Unix kowace manhaja da ke aiki tana da lambarta, amma idan ka aika siginar kashewa, wato saƙon da ke tsayar da manhaja, ga lamba 0, ba manhaja ɗaya kake nufi ba, duk rukunin da kake ciki kake nufi. Idan ka aika ga -1, duk manhajar da kake da ikon taɓawa kake nufi. Ke nan wanda ya rubuta kayan kashe manhaja da atoi, ranar da yatsan wani ya zame ya buga harafi maimakon lamba, kayan zai juya kuskuren bugu ya zama umarnin kashe rukuni guda.

Wanda ya fi shi, strtol, yana faɗin gaskiya, amma sai ka iya tambayarsa. Dole ka share errno, wurin da ake ajiye lambar kuskure, kafin ka kira shi, ka duba bayan ya dawo ko lambar ta fi ƙarfin mazubinta, ka duba ko ya karanta wani abu ma, ka duba ko ya kai ƙarshen rubutun ko ya tsaya a tsakiya, sannan ka duba ko lambar tana cikin iyakar da kai kake buƙata. Tambayoyi biyar a kan lamba ɗaya. Babu wanda zai rubuta su daidai sau arba'in a wurare arba'in. Kuma akwai wasu tarkuna a gefe. Ɗan'uwansa strtoul, wanda aka yi don lambobin da ba su da ragi, yana karɓar -1 ba tare da ƙorafi ba, ya mai da shi lamba mafi girma da mazubin zai ɗauka, wato 18446744073709551615 a na'urorin Linux masu bit 64. Idan kuma ka bar strtol ya zaɓi tushen ƙirga da kansa, duk lambar da ta fara da sifili a tushen takwas yake karanta ta: 010 ta zama 8, ita kuwa 08, watan Agusta yadda muke rubuta shi a takardun ofis, sai ya tsaya a kan sifilin ya bar takwas ɗin.

Mutanen OpenBSD, wani tsari na dangin Unix, sun gaji da wannan, a 2004 suka fito da strtonum: ka ba shi rubutun, ka ba shi ƙasa da sama, ya dawo da lambar ko ya gaya maka ɗaya cikin uku, ba lamba ba ce, ta yi ƙanƙanta, ko ta yi girma. A util-linux akwai dangin strtos32_or_err, waɗanda idan lambar ba ta yi ba suke faɗin dalili su rufe manhajar nan take. A ganina duk wanda zai fara rumbunsa, wannan ne ɗan aiken da zai fara sakawa, kuma ya tilasta wa mai kira ya faɗi iyaka. Mutum ba ya tunanin iyaka sai an tambaye shi.

Girman faifai ma nan ya shigo. Da bayit ake auna shi. Shin 1K bayit 1000 ne ko 1024? A dd na GNU, K kaɗai 1024 ne, kB kuma 1000. Ko wanne ka zaɓa, kada kayanka biyu su saɓa. A kasuwar hatsi, idan tiyar mai awo ta bambanta da ta maƙwabcinsa, rigima ce. Haka nan ma.

Rubutu da ba ya kaiwa

Nan ne ciwona yake, saboda haka zan daɗe.

Idan ka ce wa tsarin ya rubuta bayit 10000 ta hanyar write, bai yi maka alkawarin rubuta su duka ba. Yana iya rubuta 4000 ya dawo ya ce ga abin da na iya, musamman idan bututu ne ko hanyar sadarwa ko faifan da ya kusa cika. Yana iya dawowa bai rubuta komai ba saboda wata sigina ta katse shi, abin da ake kira EINTR, wanda ba kuskure ba ne, sake gwadawa kawai ake yi. Linux ma ba ya wuce bayit 2147479552 a kira ɗaya, kome girman abin da ka ba shi. Wanda bai san wannan ba, kayansa za su yi aiki a gwaji, su yi aiki wata shida, rana ɗaya su yanke fayil biyu.

Yadda libbb na BusyBox ya tsara wannan ya burge ni, domin hawa uku ya yi. A ƙasa akwai safe_write, wanda aikinsa kawai ya sake gwadawa idan sigina ta katse. A kansa akwai full_write, mai zagayawa har sai an rubuta komai ko an gamu da kuskure na gaske, ya dawo ya faɗa. A sama kuma xwrite, wanda idan ba a rubuta komai da komai ba yake faɗin kuskure ya rufe manhajar. Mai rubuta kaya yana zaɓar hawan da ya dace da shi, kuma sunan kaɗai ya isa ya gaya wa mai karatu abin da zai faru. Harafin x a farkon suna, a wannan al'adar, ma'anarsa ɗan aiken ba ya dawowa da mugun labari: ko ya yi nasara, ko manhajar ta mutu a hannunsa.

Amma ramin da na faɗa ciki ya fi wannan ɓuya. Yawancinmu ba ma kiran write kai tsaye, printf da fwrite muke kira. Su kuma ba sa kai saƙo nan take, tarawa suke yi a mazubi, sau da yawa mai bayit 4096, sai ya cika su juye. Abin da ya rage a mazubin ana juye shi lokacin rufe fayil ko lokacin fitar manhaja. Idan juyewar ƙarshen nan ta gaza yayin fita, babu wanda zai gaya maka; manhajar za ta fita da lamba 0, alamar lafiya lau. Kana iya gwadawa yanzu: Linux yana da wani fayil na musamman, /dev/full, wanda kullum yake cewa babu wuri. Ka tura abin da ls yake fitarwa zuwa can, za ka ga ya yi ƙorafi ya fita da lambar kuskure. Ka tura na ƴar manhajar da ka rubuta da kanka, mai yiwuwa za ta yi shiru.

Abin da ya sa ls yake ƙorafi shi ne wani ɗan aike na gnulib mai suna close_stdout. A farkon manhaja ake rajistarsa da atexit, mai riƙe jerin ayyukan da za a yi lokacin fita, layi ɗaya, shi kuma lokacin fita ya rufe hanyar fitar bayani da hannunsa, ya duba ko an samu matsala, idan an samu ya faɗa ya canza lambar fita. Ƙarami ne, amma akwai ilmi a cikinsa da ba kowa zai tuna ba. Misali, tunda ana cikin fita ne, ba zai sake kiran exit ba, sai _exit. Na util-linux kuma yana ƙyale kuskuren EPIPE, wato lokacin da wanda ke sauraro a ɗaya bakin bututun ya tashi ya tafi, kamar yadda head yake yi bayan ya samu layukansa goma. Wannan ba abin tayar da hankalin mai amfani ba ne.

Mu a nan akwai wani hawa da ya zama dole, saboda kuran ɗinmu. Ko da fclose, mai rufe fayil, ya ce lafiya, bayanin bai tabbata ya sauka a faifai ba. Linux yana riƙe shi a ƙwaƙwalwa, kuma a saitinsa na asali yana iya kai daƙiƙa 30 kafin ya ga ya kamata ya sauke. Idan wuta ta tafi a wannan tsakanin, an yi asara, kuma idan a kan tsohon fayil kake rubutu, ka rasa tsoho ka rasa sabo. Hanyar da aka sani ita ce: ka rubuta a fayil na wucin gadi cikin babban fayil (wato folda) ɗaya da na ainihi, ka kira fsync a kansa don ya sauka a faifai, ka rufe ka duba, ka yi rename ya maye gurbin tsohon a taki ɗaya, sannan ka yi fsync a kan babban fayil ɗin da ke ɗauke da sunan. Taki biyar, kuma jerinsu ba ya sauyuwa. A rumbuna wannan ɗan aiken ya fi kowane daraja. Wanda yake zaune inda wuta ba ta yankewa yana iya shekara goma bai ga amfaninsa ba. Mu daga Maris zuwa Yuni muna ganinsa kowane mako.

Wa ke da ikon kashe manhaja?

Wani yaro da nake koya wa aiki, ɗalibi a jami'ar Abdou Moumouni, ya karanta xmalloc ɗina, ɗan aiken da ke kiran malloc don neman wuri a ƙwaƙwalwa ya rufe manhaja idan bai samu ba, ya ɗago kai ya ce: "Malam, a aji an ce mana duk wanda ya kira malloc ya duba amsar da kansa. Ya kai kuma ka bar ɗan aike yana rufe manhaja?" Tambayar tana da kyau, kuma ita ce zuciyar wannan maganar gaba ɗaya.

Na ce masa, ƙanena, dubi irin kayan. Manhajar da za ta rayu rabin daƙiƙa ta jera fayiloli ta fita, idan ƙwaƙwalwa ta ƙare mata, me za ta yi in ba ta faɗa ta fita ba? Idan ka rubuta wannan dubawar a wurare ɗari, ɗarin duk abu ɗaya za su ce, kuma a na ɗari da ɗaya za ka manta. Gara a yi shi sau ɗaya. Kuma a wannan wuri ɗayan ne za ka tuna cewa malloc na bayit 0 yana da izinin dawowa da NULL, alamar babu, ba tare da an yi kuskure ba, ka kuma tuna cewa ninka yawan abubuwa da girman kowanne yana iya ambaliya ya koma ƴar ƙaramar lamba, ka nemi ɗaki ka samu akurki. Saboda wannan ninkawar ne OpenBSD ta kawo reallocarray a 2014, glibc, babban rumbun C na GNU, ta karɓe shi a 2017.

Amma yaron yana da gaskiya ta wani ɓangaren, kuma ban ɓoye masa ba. Ɗan aiken da ke kashewa ya dace da kayan da ke shiga su fita. Bai dace da manhajar da ke zaune a bayan fage tana hidima dare da rana ba, wadda bai kamata buƙata ɗaya da ta lalace ta kwantar da ita ba. Bai dace da rumbun da wasu za su ɗauka su haɗa da nasu aikin ba. Ba ka da hurumin rufe manhajar wani. Shi ya sa util-linux ya raba gida biyu: na cikin gida, inda ƴan aike masu kashewa suke, da kuma waɗanda ya buɗe wa duniya irin su libmount da libblkid, waɗanda ke dawowa da lambar kuskure su bar mai kira ya yanke hukunci. Bai dace ba kuma a tsakiyar aikin da aka fara ba a gama ba. Idan kayanka ya kashe nuna haruffa a allo don karɓar kalmar sirri, ko ya riƙe makullin wani fayil, ko ya buɗe fayil na wucin gadi, sai ɗan aike ya rufe shi daga can ƙasa, to wa zai mai da komai yadda yake? Ko dai ka yi rajistar mai shara da atexit tun farko, ko kuma a wannan yankin ka sauko hawa na biyu, ka karɓi kuskuren da hannunka.

Akwai wani abin da na daɗe ban lura da shi ba: lambar fita. Mun saba 0 lafiya, 1 matsala. Amma a grep, mai neman kalma a rubutu, 1 yana nufin na duba ban samu ba, 2 ne matsala. A diff, mai kwatanta fayiloli, 1 yana nufin fayilolin sun bambanta. A fsck, mai duba lafiyar faifai, lambobin ma haɗa su ake yi, 1 an gyara, 4 an bar wasu ba gyara, 8 aikin kansa ya samu tangarɗa. Idan ɗan aikenka kullum da 1 yake fita, to ranar da ƙwaƙwalwa ta ƙare wa kayan bincikenka, rubutun da ya kira shi zai fahimci cewa an duba ba a samu ba, ya ci gaba abinsa. Ƙarya ce aka yi masa ba da niyya ba. Manyan rumbunan duk sun bar ƙofa saboda wannan: gnulib yana da exit_failure, BusyBox yana da xfunc_error_retval, kowace manhaja ta saita nata a farko.

Saƙon kuskuren kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Sunan manhaja, abin da ake ƙoƙarin yi wa aiki, dalili, a tura ta hanyar kuskure ba ta hanyar fitar bayani ba, don kada ya gauraya da abin da ke bin bututu. Dangin err da warn na BSD sun yi wannan tun 4.4BSD, kuma glibc yana da su. Abu ɗaya da za a kiyaye: errno kamar sawu a rairayi yake, duk kiran da ya biyo baya yana iya taka shi, saboda haka a adana shi kafin a yi wani abu.

Ƙ, ɗ, ɓ, ƴ, da waƙafin Faransanci

Wannan ɓangaren namu ne, kuma littattafan da muka koya da su ba su cika damuwa da shi ba. A tsarin UTF-8, kowanne cikin haruffanmu masu lanƙwasa bayit biyu yake ci. Kalmar ƙasa haruffa huɗu ce amma bayit biyar. Ƴaƴa haruffa huɗu, bayit shida. Haka ma é na sunayen ma'aikatu. Shi kuwa strlen, mai auna tsawon rubutu, bayit yake ƙirgawa. Sakamakon haka, duk kayan da ke jera sunaye a teburi yana auna faɗi da strlen, layin da ke da ƙ zai goce, ginshiƙan su karkace. Wannan muni ne kawai. Wanda ya fi haɗari shi ne yanka: idan ka datse suna a bayit na ashirin, kuma wuƙar ta faɗa tsakiyar ɗ, ka bar rabin harafi, rubutun ya zama gurɓatacce, manhajar da za ta karɓa a gaba tana iya ƙin sa gaba ɗaya.

Ko strlcpy, wanda OpenBSD ta kawo a 1998 don gyara halin strncpy na barin rubutu ba marufi, kuma glibc ba ta karɓe shi ba sai a 2023, bai san harafi ba, bayit ya sani. Saboda haka a rumbun Bahaushe dole a samu ƴan aike biyu: mai auna faɗin rubutu a allo ta hanyar mbrtowc da wcwidth, da mai datsewa a kan iyakar harafi. Util-linux yana da irinsu a mbsalign, ana iya karantawa a koya.

Sai waƙafi. Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu da Faransanci aka saita su, inda ɗaya da rabi ake rubuta 1,5. Da zarar manhajarka ta kira setlocale don bin harshen mai amfani, strtod, mai karanta lamba mai ɗigo, zai fara jiran waƙafi, printf ma ya fara fitar da shi. Fayil ɗin saiti da ka rubuta 1.5 a ciki, a kwamfutarka mai Ingilishi yana aiki, a ta sakatariya ya zama 1. Na ga wannan da idona a kan wani kayan auna ƙarfin batiran sola da aka kai Tahoua. Maganin shi ne a raba: abin da mutum zai gani ko ya buga ya bi harshensa, abin da na'ura za ta ajiye wa na'ura ya bi tsari ɗaya da ba ya canzawa. Gnulib yana da c_strtod saboda wannan aikin daidai.

Abin da ba a zubawa

Bayan abin da ya same ni, na yi zafin hannu, duk layuka uku da suka yi kama na kwashe su zuwa rumbu. Wannan ma kuskure ne. Abubuwa biyu suna iya kama a ido alhali dalilinsu daban, kuma ranar da ɗaya ya buƙaci canji sai ka fara ƙara wa ɗan aiken tutoci, idan kaza yi kaza, har ya zama ba wanda ya san abin da yake yi. Yanzu ba na ɗaukar abu zuwa rumbu sai na gan shi a kaya uku, kuma sai na iya faɗin aikinsa da abin da yake yi idan ya gaza a jimla ɗaya. Idan jimlar ta buƙaci "sai dai idan", ina barinsa inda yake.

Dalilin tsantsenin shi ne rumbu yana raba alheri yana kuma raba cuta. Gyara ɗaya yana warkar da kaya ashirin, kuskure ɗaya yana kwantar da ashirin. Idan tiyar da duk layin ke aro ta lotsa, kowa ya auna da ita ya tauye wani. Shi ya sa gwajin ƴan aike ya fi gwajin kayan kansu muhimmanci, kuma ba gwajin hanya mai kyau ba, na munanan hanyoyi: rubutu marar komai, lamba mai sarari a gaba, -1, 08, lamba mai tsawon layi, suna mai ƴ a daidai wurin yanka, /dev/full, bututun da aka rufe. Ga kayan da ke aiki da ikon mai gida, wato cikakken iko a kan na'ura, irin su mount da passwd, tsantsenin ya ninka, domin ɗan aiken da ya yarda da duk abin da ya tarar a muhalli, wato saitin da mai kira ya bar masa, yana iya zama ƙofar ɓarawo; glibc tana da secure_getenv saboda haka.

Game da yadda za a raba rumbun, ga ƙaramin taro irin namu ina ganin hanyar util-linux ta fi sauƙi: babban fayil ɗaya a cikin aikin, a harhaɗa shi cikin kowane kaya, ba a girka shi daban ba, ba a yi wa kowa a waje alkawarin cewa ba zai canza ba. Haka kana da ƴancin sake suna ko gyara hali gobe, muddin ka gyara duk masu kira a lokaci ɗaya. Gnulib ma ba girka shi ake yi ba, kwafar rubutunsa ake yi zuwa cikin aiki da gnulib-tool. Kuma kayan da ya ɗauki ƴan aikensa a cikinsa ya fi sauƙin kaiwa wata na'ura a garin da intanet ke wahala, ka kwafa fayil ɗaya ka tafi. Idan za ka ɗebo daga rumbun wasu, ka karanta lasisin da ke saman fayil ɗin: BusyBox yana ƙarƙashin GPL na 2, wanda ke da sharuɗɗa a kan abin da ka haɗa da shi ka rarraba, toybox kuma yana ƙarƙashin 0BSD, wanda kusan ba ya neman komai.

Rumbuna a yau bai kai layi ɗari biyar ba. Mai karanta lamba da iyaka, mai karanta girma, hawa uku na karatu da rubutu, mai rufe hanyar fita, mai maye gurbin fayil lafiya, masu neman ƙwaƙwalwa, mai faɗin kuskure da lambar fita da ake saitawa, mai auna faɗi da mai datsewa, da mai karanta lamba mai ɗigo ba ruwansa da harshe. Manhajar ajiyar nan na sake rubuta ta a kansu. A watan jiya faifan ofishin ya sake cika, da ƙarfe shida na yamma ta rubuta sunan fayil ɗin da dalili, ta bar na jiya yadda yake, ta fita da lambar kuskure, saƙo ya iso wayata kafin in kai gida.